Thepla: Guzurin Jirgin Ƙasa Lokacin Sanyi a Indiya

A Disamba da Janairu, hazo kan makarar da jiragen ƙasa a arewacin Indiya, sai guzurin gida ya yi rana. Mutanen jihar Gujarat thepla suke ƙunsawa, wato wata siririyar gurasa ta alkama da ganyen hulba, don tana kwana biyu ba ta lalace ba.

Da farko ki wanke ganyen hulba, ki tsane shi sosai, ki yanka ƙanana. Ki zuba a garin alkama kofi 2, da kurkum, barkono, gishiri da mai cokali 3. Kada ki yi rowar man nan, shi ke hana ta bushewa. Ki kwaɓa da ruwa kaɗan, ki rufe minti 15.

Sai ki murza falle-falle, ki gasa kowane gefe a kasko da ɗan mai.

Ki bari ta huce sarai kafin ki naɗe, in ba haka ba gumi zai jiƙa ta. A jirgi, shayi mai zafi ne mahaɗinta.