Yadda za ku samo sabbin mambobi a ƙungiyar taimakon al'umma a Legas, su kuma zauna

Akwai lokacin da guruf ɗin ƙungiyarmu na WhatsApp a nan Agege ya cika maƙil, kullum barka da Juma'a da sitika da hoton fulawa, amma ranar da aka ce a fito yashe gota kafin ruwan watan Yuni ya sauko mu tara ne muka fito, cikin taran ma biyu dattawa ne da bai kamata a gan su da shebur ba. Taron tsintsiya ba shara kenan. Tun daga ranar muka canza salo, kuma abin da muka koya ne zan faɗa wa masu irin wannan ƙungiya, ko a Mile 12 kuke ko Idi-Araba ko Alaba Rago ko Obalende.

Abu na farko, dan Allah a daina zuba mutane a guruf ana cewa an yi sabbin mambobi. Wanda kake so ya shigo, aiki za ka fara kai shi ya gani da idonsa, fom da rajista su biyo baya. Akwai wani yaro mai shayi a bakin layinmu, na fi wata uku ina masa maganar ƙungiya yana cewa to Yaya in sha Allahu, ba ya zuwa. Rannan na ce ya raka ni LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba dubiyar wani bawan Allah ɗan dako da mota ta buge, mutumin ba Turanci ba Yarbanci, nas tana tambayarsa yana kallonta kawai. Yaron nan haifaffen Agege ne, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, nan take ya tsaya a tsakani ya fassara, ya karɓi takardar magani ya sauka ya siyo. Muna fitowa a cikin danfo ya ce min, "Yaya, ashe abin da kuke yi kenan? Ni fa na ɗauka taron shan lemo ne." Yau shi ke riƙe da jerin masu zuwa asibiti. Gani ya kori ji.

Sannan ku san wa kuke nema. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne bin Alhazai masu kuɗi, a ba mutum uban ƙungiya, ya ba da dubu hamsin ranar ƙaddamarwa a yi tafi, daga nan sai dai a gan shi a kalanda. Kuɗinsa na da amfani, ban ce a ƙi ba, amma ƙungiya da ƙafa take tafiya. Ku nemi wanda ya zauna da gindinsa a garin nan, iyalinsa na nan, yaransa na makaranta a nan, yana da rumfa ko teburi da za a same shi. 'Yan ci-rani ma a ɗauke su, sai dai a ba su aikin da ke ƙarewa a yini ɗaya, kamar shara ko haƙan kabari ko ba da jini, kada a damƙa musu littafin kuɗi alhali ruwa na sauka a Arewa za su tafi noma.

Kuma kada ku tara 'yan sana'a ɗaya. Mu mun ji a jikinmu, don kusan rabin matasanmu 'yan acaɓa ne, da gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya ta ƙara da su Mushin da Kosofe, cikin 'yan makonni wasu suka koma gida wasu suka tsallaka Ogun, ƙungiya ta koma kamar an share ta. A haɗa da mahauta na Oko-Oba, da 'yan gwari, da 'yan canji, da teloli, da malaman Islamiyya, da ɗalibai. Mata kuwa duk ƙungiyar da ta bar su a baya ta cuci kanta, don in mace ce a kwance a asibiti ko haihuwa ta zo da gardama ko wankan gawar mace, wane namiji ne zai shiga? A ba su ɓangarensu da shugabarsu da lokacin mitin da ya dace da su. Maƙwabtanmu Yarbawa ma in mutum na da niyya a jawo shi, da ɗan gari kan ci gari, ranar da za ku je wurin baale, wato mai unguwar Yarbawa, ko 'yan CDA, ƙungiyar raya unguwa, neman izinin wani aiki za ku gane amfaninsa.

Wajen gayyata a faɗa wa mutum gaskiya, ban da romon baka. Kada ka ce masa ai ba wani abu ba ne, ɗan zama ne kawai. Ce masa kuɗin wata kaza ne, mitin sau kaza, kuma wata rana za a buga maka waya ƙarfe biyun dare. Wanda ya ji haka ya ce zai yi tunani ya fi min wanda ya ce ba komai tun kafin in rufe baki. Akwai dabarar da muka aro daga 'yan Rotary, ƙungiyar da Paul Harris ya kafa a Chicago ta Amurka a 1905, wadda ta fara shigowa Najeriya ta Kano a 1961: su a al'adarsu wani mamba ne ke gabatar da kai. Mu sai muka ɗora a kai, duk wanda ya kawo mutum shi ne uban ɗakinsa na wata uku, shi zai tuna masa mitin, shi zai zo da shi, in bai zo ba shi za a tambaya. Sai bayan wata ukun a ba shi kati a sa shi a guruf. Tun da aka fara haka mutane suka daina kawo sunan duk wanda suka haɗu da shi a masallaci.

To sai maganar lokaci, wadda a Legas ita ce ke kashe ƙungiya fiye da rashin kuɗi. Ɗan gwari a Mile 12 tun kafin asuba yana wurin sauke kaya, mahauci da safe ba ka ganinsa, mai gadi kwana yake a zaune, sannan ga gosulo, mutum ya taso daga Ojo zuwa Agege don mitin ɗin da aka ce ƙarfe huɗu ba a fara ba sai biyar da rabi, a ɓata awa guda ana gaishe-gaishe da jiran ciyaman, ya koma gida bayan isha'i ya kashe kuɗin mota da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka, wallahi ko ni ne ba zan dawo ba. Mu mun tsayar da Lahadi bayan la'asar, awa ɗaya, ko ciyaman ya zo ko bai zo ba mataimaki ya buɗe da addu'a. Waɗanda ke nesa su yi nasu zaman a unguwarsu, a haɗu gaba ɗaya sau ɗaya a wata uku. In aikin shara ne a kasuwa, a sa shi safiyar Alhamis tunda dama ba a buɗe shaguna sai ƙarfe goma.

Sabon mamba kuma kada ya yi mitin biyu bai da abin yi a hannunsa. Ƙaramin abu, mai suna, mai rana: kai ne za ka karɓo buhunan zuba shara ranar Laraba, ke ce za ki rubuta sunayen marayun layinku kafin azumi. In ya yi, a faɗi sunansa a gaban jama'a a ce Allah ya saka. Muƙami dai a yi a hankali da shi, na ga ƙungiyar da mataimakan ciyaman sun fi masu ɗaukar shebur yawa.

Kuɗi ba zan ja ba. Asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ke nufin rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mutum biyu ko uku su sa hannu kafin a cire, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane zama har kuɗin fiya wata. Mun taɓa barin kuɗi a akawun ɗin mutum ɗaya, ya tafi gida Babbar Sallah da niyyar sati biyu ya yi wata biyar, ba cinyewa ya yi ba amma kafin ya dawo mutum shida sun daina biya. Haka nan 'yan siyasa, zaɓe na matsowa za su zo da shinkafa da atamfa, kowa ya yi jam'iyyarsa a waje, banar ƙungiya kada ta je kamfen.

Wanda ya fara ɗauke ƙafa kada a fara masa da tara ko a yi ta habaici a guruf. Uban ɗakinsa da wani dattijo su taka har inda yake sana'a. Sau da yawa za ka tarar kunya ce, kuɗin wata uku sun taru masa, ko an tashe su daga inda suke kasa kaya, ko mai gida ya ƙara kuɗin haya. Akwai wanda muka je wa, yana ganin Baba, dattijon da muka je da shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba wallahi nauyinku nake ji." Baba ya ce, "Ɗana, kuɗinka muka ce muna so ko kai? Ka zo ranar Lahadi, bashin mun yafe." Mai tafiya gida kuma, noma ko Sallah ko biki, ya faɗa tun da sati guda, ya miƙa aikinsa ga wani a gaban sakatare, a rubuta ranar da yake sa ran dawowa, in ranar ta wuce da sati biyu a buga masa waya a ji ko lafiya.