Yadda za a gane hanji ba ya samun isasshen jini, da abin da za a yi

Abin da nake roƙon mai kula da dattijo ya fara lura da shi shi ne lokacin da ciwon ciki ke tashi. Idan yana zuwa minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, ya ɗauki awa ɗaya zuwa uku kafin ya lafa, har mutum ya koma tsoron abinci yana ramewa, to kada a tsaya kan maganin olsa kawai, domin mai yiwuwa hanji ne ba ya samun isasshen jini.

Cikin ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, cike yake da 'yan tsirai kamar gashin tawul, kowanne da siraran jijiyoyin jini a cikinsa. Su ke tsotse abinci, kuma aikin yana cin ƙarfi: sukari da amino asid (ƙananan sinadaran da ke gina jiki) sai an ja su tare da sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri), ƙwayoyin halittar da ke jan kuma ba sa aiki sai da oksijin. Jinin nan dai shi ke kwashe yawancin abin da aka tsotsa ya kai hanta. Ko mutum yana hutawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa kayan ciki yake tafiya, da an ci abinci kuwa buƙatar ta ƙaru. In kitse ya tsuke manyan jijiyoyin da ke kai wa hanji jini, kawunan tsiran ne ke fara lalacewa, domin a can oksijin ya fi ƙaranci. Daga nan sai gudawa da rama, ko da abincin mai gina jiki ne.

Ka rubuta lokacin cin abinci da lokacin ciwo, ka riƙa auna nauyinsa duk mako, ka kai wa likita. Ka faɗa masa in akwai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko shan taba. Da hoton Doppler (sikanin da ke nuna gudun jini) ko na CT ake duba jijiyoyin, kuma ana iya buɗe wadda ta tsuke a sa mata ɗan bututu.

Kafin nan, dattijon ya riƙa cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya rage maiƙo, ya sha ruwa sosai. Taba kuwa ban yarda a rage ta ba, a daina.

Idan ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya, musamman ga wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, ko aka ga jini a bayan gida, a tafi asibiti nan take. Hanjin da jini ya yanke masa yana iya mutuwa cikin 'yan awanni.