Yadda ake cire zoben saukowar mahaifa a wanke

'Yan uwa mata na Aboabo da Sabon Zongo kun dame ni da tambaya kan zoben nan na silikon da dokta ke sa wa mace in mahaifa ta sauko, to ga shi, amma fa wannan na wadda nas ta riga ta koya mata cirewa ne da kanta.

1. Ki yi fitsari tukuna.
2. Wanke hannu da sabulu, farce a yanke.
3. Ɗora ƙafa ɗaya kan kujera ko ki tsugunna.
4. Sa yatsa ki kamo bakin zoben, ki ɗan yi nishi kamar mai bayan gida, ki jawo a hankali.
5. Wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara turare. Nan ake kuskure, don Allah banda Dettol, banda bilic, banda bagaruwa!
6. Ɗauraye ki bar shi ya bushe.
7. Duba ko ya tsage. In ya tsage kar ki mayar.
8. Shafa masa man santsi na ruwa, ba Vaseline ba.
9. Ninke shi biyu ki tura cikin gabanki sosai, yana fuskantar wajen bayanki.
10. Tashi ki taka, in ya zauna daidai ba za ki ji shi ba.

Ko ba abin da ke damunki ki koma asibiti duk wata 3 zuwa 6, don zoben da aka manta da shi shekaru yana cin nama har ya kawo yoyon fitsari. Jini, ruwa mai wari, ciwo ko fitsari ya ƙi fita, ki tafi asibitin Komfo Anokye ko asibitin da aka sa miki zoben a ranar da kika ga haka.