Ga Baƙon Garwa Da Marwa Wanda Alkama Ba Ta Karɓe Shi Ba

Wanda ya baro Kano ko Damagaram ya sauka a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, zai tarar burodin Faransa, dogon nan mai ɓawo, ya mamaye karin kumallo, kuma da wuya mai masauki ya kawo shayi ba tare da shi ba. Ga mafi yawan mutane wannan alheri ne, amma ga mai cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yana lalata bangon ƙaramin hanji, har ya jawo zawo, kumburin ciki, rama da ƙarancin jini.

Abincin gargajiyar wannan yanki yana gefen mai wannan larura, domin gero, dawa, masara, shinkafa, rogo da wake duk babu gulutin a cikinsu, haka ma muskuwari, dawar rani da ake nomawa a karkarar Marwa. Inda baƙo ke tuntuɓe shi ne wajen sunaye. A Kamaru, idan mai abinci ta ce akwai “kuskus”, galibi tuwon masara ko na rogo take nufi, wanda Fulani ke kira nyiiri, alhali kuskus na fakiti da ke kanti alkama ce tsantsa. Saboda haka a tambaya da wane gari aka tuƙa, kada a dogara da suna. A jikin fakiti kuma a nemi kalmomin Faransanci blé (alkama), orge (sha'ir) da seigle (wani hatsi dangin alkama), kuma a guji abin da ke ɗauke da su. Rubutun sans gluten, wato babu gulutin, shi ne alamar aminci. Lemon malta, wanda ake yawan miƙa wa baƙon da ba ya shan giya, da sha'ir ake yin sa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gauraya. Ƙosai wake ne, amma idan an soya shi a man da aka soya makala, wato fanken nan ƙasar, ya gurɓata. Injin niƙa ma haka yake idan an niƙa alkama kafin hatsinka. Ko ɗanwake, da sunansa na wake, yanzu da yawa fulawa suke zuba masa.

Mai ciwon sukari kuma kada ya ɗauka barin burodi ya ba shi izinin cika kwano da tuwo, domin tuwon masara da na shinkafa suna ɗaga sukari kamar yadda burodi ke yi. Wanda yake zargin alkama ce ke damunsa ya je asibiti a gwada jininsa tun yana cin ta, domin idan ya daina kafin gwajin, sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan.