Yadda ake kashe tsutsar ganyen taba da maganin Bt

Bt gajarcen sunan wata bakteriya ce da ke rayuwa a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis. Ba ta kashe tsutsa don ta taɓa jikinta. Sai tsutsar ta ci ganyen da aka fesa, dafin bakteriyar ya narke a hanjinta ya huda shi, ta daina ci cikin 'yan sa'o'i, ta mutu bayan kwana biyu zuwa biyar. Mai neman ya ga tsutsa na zubowa ƙasa yana gama feshi zai ɗauka jabu aka sayar masa. Abin dubawa washegari shi ne ko akwai sabon ci a ganye da ɗanyen kashi. In babu, magani ya kama.

Wajen saye a karanta jikin kwalin. Nau'in kurstaki ko aizawai ne na tsutsar ganye. Israelensis na tsutsar sauro ne, ba abin da zai yi a gonar taba. Darɓa da sauran ƙwari masu tsotson ruwan ganye ma Bt ba ya taɓa su, tunda ba sa tauna ganyen.

Kafin a haɗa magani a zaga gona sau biyu a mako, a duba gindi 10 a jere a wurare daban-daban. Tsutsa iri biyu ce ta fi ɓarna. Akwai babbar koriya mai ƙaho a bayanta, wadda ke cinye ganye har sai jijiya ta rage. Ita ana fesa mata idan an sami guda ɗaya mai tsawon santimita 2.5 a kowane gindi 10. In an ga wadda fararen ƙunsuna kamar ƙwayar shinkafa suka cika mata baya, a ƙyale ta, 'ya'yan wani ƙaramin zanzaro ne suka riga suka cinye cikinta. Ɗayar kuma ƙarama ce mai shigewa tsakiyar toho, ana gane ta da baƙin kashi a kan sababbin ganye. Gindi ɗaya cikin 10 ya kamu kafin fure, lokaci ya yi. Ramin da ta yi kamar na allura a jaririn ganye shi ne zai buɗe ya zama babbar ɓula idan ganyen ya girma.

Yawancin Bt mai zuwa a gari, wato hoda, ana sa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a hekta, amma ƙarfinsu ya bambanta, abin da kwali ya ce shi za a bi. Idan lita 250 na ruwa ke isar hekta kuma rabin kilo za a sa, giram 30 ke nan a kowane tankin feshi na goyo mai lita 15. A zuba ruwa rabin tanki, a dama garin a bokiti har gudaji su mutu, a juye, a cika, a riƙa girgizawa don yana kwanciya a ƙasa. Ruwa mai kanwa-kanwa, wanda pH ɗinsa ya kai 8, yana lalata dafin tun a tanki. Abin da aka dama a fesa shi a ranar, kada ya kwana.

Hasken rana ne babban abokin gabarsa, cikin kwana biyu ko uku ya kashe ƙarfinsa a kan ganye. Shi ya sa feshin yamma ya fi. A jiƙe ganye sama da ƙasa. Idan ruwan sama ya sauka kafin ya bushe, a sake. Muddin sababbin ƙwai na ƙyanƙyashewa, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, kuma a same su suna ƙanana, domin wadda ta ƙoshi ta kusa shiga ƙasa cinta ya ragu, da wuya ta haɗiyi abin da zai kashe ta.

Tsutsar toho ce ke ba da wahala, don da rana ta yi zafi tohon yakan rufe, feshi ya zame ta gefe. A saita bakin feshin daidai kan tohon, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Abin da ya fi feshi ma shi ne tarko: kashi 1 na garin Bt a gauraya da kashi 99 na garin masara, a ɗebo da yatsu uku a barbaɗa cikin kowane toho. Akwai cin lokaci, amma a ƙaramar gona babu kamarsa.

A sa safar hannu da riga mai dogon hannu. Ba don Bt ba, shi ba kasafai yake cutar da mutum ba. Jiƙaƙƙen ganyen taba ne ke shigar da nikotin ta fata, ya kawo jiri da amai. Ragowar garin kuma a ɗaure bakinsa, a ajiye a inuwa mai sanyi inda danshi ba ya kaiwa.