Karayar Tsintsiyar Hannu a Hanyar Burji: Kurakuran da Ke Jawo Asarar Hannu

Duk mai hawan babur a hanyar da ba kwalta, ko ɗan acaɓa ne mai kai mutane kasuwar ƙauye, ko manomi mai zuwa fadama, ko matashin da ke kutsawa daji don nishaɗi, ya san faɗuwa ba ta sallama. Yashi ya kwashe tayar gaba, ko ka afka ramin da ruwan damina ya rufe, kafin ka ankara ka miƙa hannu ka tari ƙasa. Nauyinka duka, haɗe da gudun da kake yi, sai ya sauka a kan tafin hannu guda. Karayar da ke biyo baya yawanci tana warkewa sarai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hannayen da ake rasawa saboda abin da aka yi musu a kwana biyu ko uku na farko.

Wasu kurakuran tun a kan babur ake yin su. Danne birkin gaba da ƙarfi a cikin yashi ko tsakuwa shi ya fi kayar da mutane, domin taya tana tsayawa sai ta zame. Rage gudu tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya kaɗan, ka riƙe totur daidai, gwiwar hannu a lanƙwashe. Hular kwano, safar hannu da takalmi sau-ciki kuwa ba ado ba ne.

Bayan an faɗi, maganar da aka fi ji ita ce, "Ai targaɗe ne, ga shi yana motsa yatsu." Motsa yatsu ba ya nuna cewa babu karaya. Naman da ke jan yatsu yana can sama, tsakanin tsintsiya da gwiwar hannu, jijiyoyinsa ne kawai suke ratsawa ta tsintsiyar, don haka mai karaya ma yana iya dunƙule hannu. A wannan ɗan wuri akwai ƙarshen dogayen ƙasusuwa biyu da suka taho daga gwiwar hannu, da wasu ƙanana guda 8. Wanda ya fi karyewa shi ne dogon da ke ɓangaren babban yatsa, dab da gaɓar. Idan ya goce, hannun yakan yi doro kamar cokali mai yatsu. Wani likita ɗan ƙasar Ailan, Abraham Colles, ya bayyana irin wannan karaya tun 1814, har yau da sunansa likitoci ke kiranta.

Waccan kowa yana ganinta. Mai yaudarar ita ce ta wani ɗan ƙashi da ke gindin babban yatsa. Miƙe babban yatsanka baya, za ka ga wani ɗan kwarmi ya fito a gefen tsintsiyar, tsakanin jijiyoyi biyu. Idan bayan faɗuwa aka danna nan ka ji zafi, to ka ɗauka karaya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Ba ta kumbura sosai, kuma sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko, shi ya sa likita kan ɗaure hannun ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake hoto. Jini ta gefe ɗaya yake shiga wannan ƙashi. In aka bar shi bai haɗe ba, ɓarin da jini ya yanke wa yana iya mutuwa, bayan wasu shekaru mutum ya wayi gari da ciwon gaɓa, riƙe kan babur ma ya gagare shi.

A wurin da aka faɗi, ba a rasa mai cewa a kawo hannun ya ja ya mayar. Kada ka yarda. Kusa da karayar akwai hanyoyin jini da jijiyoyin ji, kuma bakin karyayyen ƙashi yana da kaifi. A fara cire zobe, agogo ko awarwaro kafin kumburi ya hana. A sami kwali ko ɗan katako a shimfiɗa hannun a kai yadda yake, a naɗe da ƙyalle sako-sako, a rataye shi a wuya da ɗankwali ko rawani, yatsu sun ɗara gwiwar hannu tsayi. Idan fata ta fashe ko ƙashi ya leƙo, a rufe da ƙyalle mai tsabta kawai. Ban da man birki, ban da toka ko ƙasa, kuma kada a tura ƙashin ciki. Irin wannan rauni yana bukatar wanki a asibiti, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar tetanus, a ranar. Kada wanda ya faɗi ya tuƙa kansa gida. In ya suma ko yana amai, kansa ne abin dubawa kafin hannu. Fura da shayin da ake dura masa don tausayi ma a dakata da su, domin in za a sa masa maganin barci ana son ya yi kamar awa 6 bai ci komai ba.

Yanzu ga babbar maganar, wato ɗori. Ba na raina masu ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma a garuruwa da yawa su ne mafi kusa da talaka. Amma hannun maɗori, komai gwanintarsa, ba ya ganin ko karayar ta tsaga cikin gaɓa. Sannan kumburi yakan ci gaba da hauhawa har kwana biyu ko uku. Idan aka jera kara kewaye da hannu aka tamke da igiya, naman da ke kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jininsa. Cikin 'yan sa'o'i naman yake fara mutuwa. Mai ciwo yana ihu cikin dare, 'yan uwa suna cewa, "Yi haƙuri, ɗorin ne yake kamawa." Wallahi ba kamawa ba ce.

Ga yadda za ka gane. Zafi yana ƙaruwa maimakon ya lafa, magani ba ya taɓa shi. In aka miƙar da yatsun a hankali, mutum ya zabura. Yatsu sun yi sanyi, sun dusashe ko sun yi duhu, yana jin su kamar ba nasa ba. Danna farce ka saki: a lafiyayyen hannu jan yana dawowa cikin daƙiƙa biyu. Da zarar an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Wanda aka yi wa jinkiri, in ya tsira da hannun, yatsun kan ƙanƙance su lanƙwashe har abada. Daga nan ne jita-jitar nan ta samo asali, wai asibiti yanke hannu suke yi. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kuka da wannan: hannun da ake kawo musu bayan mako guda, ya yi baƙi yana wari, ya riga ya mutu tun a gida.

A asibiti ana ɗaukar hoto ta gaba da ta gefe. In ƙashin ya goce, a kashe zafin da allura, a ja a daidaita, a sa siminti, wato ɗaurin asibiti mai tauri da ke riƙe ƙashi. Da farko galibi rabi ake sawa a bar wa kumburi wuri, kuma ko simintin asibiti ne ya matse, alamun nan dai su ne, a koma da gaggawa. In karayar ta shiga gaɓa ko ta ƙi zama, sai tiyata, a riƙe ta da waya ko da ɗan faifan ƙarfe da kusoshi. Manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko na koyarwa da ke Shika a Zariya suna wannan aiki, ƙaramin asibiti kuma zai tura ka inda ya dace.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne ƙin komawa. Zafi ya tafi, sai a ce an ji sauƙi. Alhali lokacin da kumburi ya saɓe ne siminti ke yin sako-sako, ƙashi ya sake gocewa ba tare da ka sani ba. Hoton mako na farko da na biyu don haka ake yin sa. In an gano da wuri a gyara, in kuwa ya haɗe a karkace, sai babbar tiyata.

Siminti yakan yi kamar mako 6. Kada ya jiƙe. Wajen alwala malamai sun yarda a shafa a kansa. Kada a zura tsinke don susa, fata na iya ƙujewa ta ruɓe a ciki. Yatsu, gwiwar hannu da kafaɗa kuwa a riƙa motsa su kullum, in ba haka ba su sandare. Mai shan taba ya sani tana jinkirta haɗewar ƙashi. Taramol na kemis kuma, ban da jarabar da yake sawa, yana iya danne zafin da ya kamata ya gargaɗe ka.

Ranar da aka cire siminti hannun zai fito siriri, a sandare, ba ƙarfi. Nan ne aikin masu gashin ƙashi yake farawa, kuma ƙarfin riƙo yakan ɗauki watanni kafin ya dawo. Na san ɗan acaɓa yana da iyali, ga mai babur yana jiran kuɗinsa kullum, zaman gida ba ƙaramin abu ba ne. Amma hannun dama shi ke da totur da birkin gaba, na hagu ke da kulos, girgizar burji kuma duk a tsintsiyar hannu take ƙarewa. Ka ba wani amintacce babur ɗin ya riƙa ja kuna rabawa. Idan likita ya sallame ka, gwada matse birki da ƙarfi a tsaye. In ba zafi, fara da gajeriyar tafiya a kwalta, ba fasinja, ba lodi.