Inda kuɗin koyon tuƙin ƙaramin jirgi ke zurarewa

Makarantar koyon tuƙin jirgin sama za ta ce maka awa 40 ake buƙata kafin ka samu lasisi, sai ka ninka da kuɗin awa guda, ka ga ai abin bai fi ƙarfinka ba. Wannan lissafin ne ya fi kayar da mutane. Awa 40 ƙa'idar FAA ce, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, a Turai kuma takwararta EASA ta sa 45, amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi kafin a gwada ka. Yawancin masu koyo sai sun kai awa 60 zuwa 70. Ga kuɗin malami da ake rubutawa daban, har da zaman da ya yi da kai a ƙasa yana bayani. Ga jarrabawar rubutu, ga ladan mai gwaji, ga hayar jirgin ranar gwajin kanta. Yi kasafinka a kan awa 70. In an samu ragowa, madalla.

Kafin ma ka fitar da kuɗi, je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi ka karɓi takardar lafiya. Rashin bambance launi, ciwon zuciya ko wasu magunguna na iya taƙaita lasisin ko su hana shi, kuma gara ka sani tun aljihu bai huje ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi kuwa, mai yin sa gani yake tattali yake yi. Sai ya ce zai riƙa tashi sau ɗaya a wata, gwargwadon abin da albashi ya bari. To, hannu yana mantuwa. Saukar da jirgi ba karatu ba ne da za ka haddace ka ajiye. Ido ne da ƙafa da tafin hannu suke sabawa da lokacin ɗaga hanci kafin taya ta taɓa ƙasa. In ka yi sati huɗu ba ka hau ba, rabin darasin yau zai tafi wajen maimaita na watan jiya, kuma awar maimaici kuɗinta ɗaya da ta sabon darasi. A ganina, wanda ya haƙura ya tara kuɗin tukuna, sannan ya riƙa tashi sau biyu ko uku a mako, zai gama da arha fiye da wanda ya riga shi farawa da shekara guda. Haka nan duk abin da za a iya koya a ƙasa, a koye shi a ƙasa: maganar rediyo, jerin abubuwan dubawa, taswira, yanayin sama. Cikin jirgin da injinsa ke aiki ba wurin buɗe littafi ba ne.

Amma tara kuɗi ba ya nufin ka damƙa wa makaranta su duka don an yi maka rangwame. A 2008 makarantar Silver State Helicopters ta Amurka ta durƙushe, ta bar ɗalibai da bashin karatun da ba su samu ba. Ka riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Sai zaɓen jirgi. Sabon jirgi mai allon kwamfuta yana da daɗin kallo, sai dai ba zai sa ka iya sauka da wuri ba. Cessna 152 mai kujera biyu, wadda aka daina ƙerawa a 1985, tana shan kimanin lita 23 a awa, Cessna 172 mai kujera huɗu kuma ta haura lita 30. In nauyinka da na malami bai wuce abin da ƙaramar ke ɗauka ba, me za ka yi da kujeru biyu na baya?

Wajen haya kuma araha ba ta ado. Wani farashin da mai a ciki, wani babu, kai za ka saya. Sannan ka tambayi da wane agogo ake ƙirga awar, don iri biyu ne. Agogon Hobbs yana tafiya muddin injin na aiki, ko da kana tsaye a layi kana jiran izinin tashi. Ɗayan kuma juyin injin yake bi, saboda haka yana tafiya a hankali lokacin da kake ƙasa. Shi ya sa babban filin jirgi mai cunkoso kan fi ƙaramin fili tsada ko da farashin awa ɗaya ne. In za ka kwana da jirgin, wurare da yawa suna cajin wasu awoyi a kowace rana, ka tashi ko ba ka tashi ba. Inshorar mai jirgi kuwa shi take karewa; karanta takardar ka ga nawa za a ɗora maka in farfela ta daki ƙasa, ka kuma nemi inshorar ɗan haya.

Da yawa ba sa lissafin bayan lasisi. Kafin ka ɗauki fasinja dole ka yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka gabata, kuma duk sabon wurin haya sai malaminsu ya fara gwada ka. Shiga kulob ɗin matuƙa yana rage kuɗin awa, haka raba kuɗin mai da haya da abokan tafiya, wanda doka ta yarda da shi muddin kai ma ka biya kasonka. In kuma burinka shawagin ƙarshen mako ne kawai, duba ƙananan lasisi: na wasanni da Amurka ta fito da shi a 2004 yana farawa daga awa 20, LAPL, lasisin jirage marasa nauyi na Turai, kuma daga 30.